Godiya ga duk wanda ya taimaka kan kwamfutar Baba

Salamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, matsalar kwamfutar Babanmu da na kawo muku ta warware, kuma wallahi ban ga ta inda zan bi kowa ɗaya bayan ɗaya ba shi yasa nace bari in yi godiyar a nan kowa ya gani.

Ga wanda bai san zancen ba, Baba da manhajar Mail ɗin nan da ke zuwa cikin Windows 10 ya saba, da ita yake karɓar takardun fansho da saƙonnin tsofaffin ɗalibansa. To tun 31 ga Disamba 2024 aka daina kula da ita, sabon Outlook ya maye gurbinta, shi Outlook ɗin kuma ya shigo kwamfutar da kansa cikin sabuntawar Windows ta Fabrairun 2025. Baba dai bai saba da shi ba, idonsa ba kamar da ba, ga kwamfutar tsohuwa ce RAM ɗinta 4GB kawai, yace shi a cire masa a sa masa abu mai sauƙi. Sai in cire, kwana biyu in ga ya dawo, hankalin tsoho duk ya tashi yana tsoron kar garin cire-ciren nan takardunsa su bi ruwa. Har wani mai gyara yace sai dai a goge komai a sake zuba Windows, gaskiya ranar ban yi barcin kirki ba.

Godiya ta farko ga yayanmu da ya kira ni cikin dare yace kar in kuskura in bari a yi fomatin. Shi ya fahimtar da ni cewa saƙonnin Gmail ba a cikin manhajar suke zaune ba, suna can wajen Google, manhajar leƙo su kawai take yi, yace in buɗe Chrome in shiga akwatin Baba in gani da idona kafin in taɓa komai. Na shiga na tarar da su cif har na shekarun baya. Yaya, Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a.

Sai ƙanwar matata da ke karatun kwamfuta, ita ce ta gano dalilin dawowar. Ashe duk sanda Baba ya danna hoton ambulan ɗin nan na ƙasan allo, tsohuwar Mail ce ke tura shi wajen sabon Outlook, don haka sai an cire su biyun. Ta sa muka fara kwashe adireshin mutanen Baba muka ajiye a filashi, sannan ta buɗe PowerShell, wato wajen da ake rubuta wa Windows umarni, da izinin admin ta cire Microsoft.OutlookForWindows da umarnin Remove-AppxProvisionedPackage don kar sabuntawa ta sake dawo da shi, ta kuma cire microsoft.windowscommunicationsapps wanda shi ne Mail da Calendar. Abin da ya fi burge ni bata yi gaggawa ba, kowane mataki sai ta juya ta yi wa Baba bayani da Hausa tana cewa Baba ka gani ko, babu abin da ya ɓata. Irin wannan ladabin ya fi min gyaran kansa daɗi wlh.

Nagode wa bawan Allahn da ya ja kunnena cewa Outlook ɗin cikin Office daban ne kar a haɗa da shi, da 'yar uwar da ta ba da shawarar Thunderbird na Mozilla, wata manhajar imel, tunda kyauta ne. Shi muka sa, muka ƙara girman rubutu, muka mayar da shi wanda zai riƙa buɗe imel kai tsaye. Da maƙwabcinmu da ya ja mana wuta daga janaretonsa har muka gama, Allah ya biya ka.

Baba yace in gaya muku yana sa muku albarka gaba ɗaya. Wanda yace in duba batun Windows 10 da aka daina tallafa wa tun 14 ga Oktoba 2025, na ji, shi ne aikin gaba in sha Allah, kuma zan sake neman ku.