Igiyar takalmin Yaya

Asabar, dare ya yi nisa.

Ƙafafuna na cikin roba da ruwan ɗumi nake wannan rubutu. Bororo biyu a dunduniyar hagu, ɗaya har ya fashe. Su kam da sauƙi, jibi sun warke. Wata magana ce da na yaɓa wa Yaya ɗazu ta hana ni kwanciya.

Yau dai Allah ya yi, mun zagaye dam ɗin nan da muka yi wata biyu muna ɗagawa. Ni da Yaya da Auta. Bakwai da rabi mun shiga kurmi, raɓa ba ta bushe ba, ganye na jiƙa mana ƙafar wando, ƙasa na ƙamshi. Auta aka ba aikin duba alamun fenti a jikin itatuwa, ya ɗauki abin kamar an naɗa shi sarauta. Duk wadda ya hango sai ya daka mata tafi ya ce "ga ta!" Da muka iske guda biyu, ɗaya bisa ɗaya, Yaya ya tsaya ya yi masa bayani: kwana ce a gaba, a buɗe ido. Ya ce haka ake yi a doguwar hanyar ƙafa ta Appalachian a Amurka, mai kusan kilomita 3,500, da farin fenti tun daga farkonta har ƙarshe. Auta ya ce shi kilomita goma sha huɗun da za mu yi ma sun ishe shi. Muka yi ta dariya.

Kun san halina da lissafi. Tun daren jiya na zauna da taswira na buga: kilomita 14, hawa kusan mita 300. Akwai ƙa'idar da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ta ba ni awa uku da minti kusan ashirin. Na ƙara rabin awa na hutu, na sanar da kowa cewa kafin sha biyu muna cikin mota. Yaya ya ce, "To Malam Lissafi, mun ji."

Wajen tara muka ɓullo bakin ruwa. Ruwan ya ja baya sosai, ya bar wani farin zobe a jikin duwatsun gaɓa, kamar dattin da ke zagaye baho bayan an zubar da ruwa. Kututturan itatuwa baƙaƙe sun fito jere, ga kuma wata tsohuwar hanyar mota da ta gangaro daga tudu ta shige cikin tafkin kai tsaye, ba ta ko yi kwana ba. Na daɗe ina kallonta. Nan ma Yaya ya tsaya, ya dafa sanda, ya shiga ba mu labarin tafkin Volta na Ghana: yadda aka gama dam ɗin Akosombo a 1965, ruwa ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500, itatuwan da ya cinye har yau suna tsaye a ƙarƙashinsa suna fasa jiragen masunta. Na san labarin, ya ba ni shi ya fi sau biyar. Ina ta satar kallon agogo.

Daga nan abin ya fara lalacewa. Katangar dam ɗin ga ta can tsallake, har motarmu kamar ana hangowa, amma tafiya ta ƙi ci. Tafkin dam ba ya yin da'ira irin ta kududdufi. Kwari ne aka toshe, ruwa ya bi kowane rafi ya shige, ya yi rassa kamar yatsun hannu. Sai ka bi yatsa ɗaya har ƙarshensa, ka dawo ta ɗaya gefen, ka tarar kana kallon inda ka tsaya minti arba'in da suka wuce, jifa ɗaya tsakaninku. Kuma kowane reshe da gangararsa da hawansa, ga saiwoyi, ga tsakuwa mai zamewa.

A reshe na uku Auta ya ce shi yankewa zai yi, tunda ƙasar ta bushe har ta tsattsage. Taku shida ya yi. Na bakwai ya nutse har gwiwa. Lakar da rafi ke kwasowa ce take kwanciya a wurin idan gudun ruwa ya mutu, sama ta yi ɓawo, ƙasa kuwa taɓo ne zalla. Da sandar Yaya muka jawo shi, takalmi ɗaya sai da aka sa hannu aka laluɓo. Rabin awa ta tafi.

To, igiyar.

Na farko a kan wani hawa ne, Yaya ya ce mu dakata, igiyar takalminsa ta kwance. Ya durƙusa. Muka jira. Na biyu bayan kamar minti ashirin. Na uku rana ta take, ruwan gorata saura kwata, sha biyun da na yi alkawari ta wuce tun tuni muna tsakiyar hanya. Na juyo na gan shi durƙushe kuma, kansa a ƙasa, sai kawai bakina ya suɓuce.

"Haba Yaya, wai igiyar nan ba ta ɗauruwa ne? Ko in zo in ɗaura maka?"

A gaban Auta na faɗa. Da irin muryar da nake yi wa yara.

Bai ɗago nan da nan ba. Da ya ɗago murmushi yake, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya ce, "Yi haƙuri Malam Lissafi, mun ɓata maka lissafi." Ya miƙe, ya wuce gabana, bai sake tsayawa ba har kusan awa guda. Ina bayansa ina jin numfashinsa. Kuma da yake ina bayansa, idona na kan takalman. Ƙulli biyu ya yi wa kowace igiya, irin wanda shi ya koya mini ina ƙarami, wanda sai ka sa farce kafin ya kwance. Laka ta bushe a kan ƙullin tun ta wajen Auta, ba ta ko tsage ba. Babu wanda ya taɓa igiyar nan.

Sai na shiga lissafin da ya kamata in yi tun farko. Bayanin alamar fenti, a ƙarshen hawa aka yi shi. Labarin Volta, bayan gangara mai tsawo. Har tsayawar da ya yi yana nuna wa Auta zalɓe a kan kututture, ita ma a saman tudu ce. Mutumin nan tun safe yake neman inda zai sauke numfashi ba tare da ya ce ya gaji ba, ni kuma ina biye da shi da agogo kamar mai karɓar bashi.

Abin haushin, na san ƙa'idar Naismith ba ta san da wannan ba. Mutum mai ƙarfi ta ɗauka, a hanya mai kyau, babu hutu, shi ya sa daga baya aka yi mata gyare-gyare don gajiya da ƙarfin jikin mai tafiya. Kuma duk wanda ya taɓa tafiya cikin ayari ya san da saurin na baya ake auna ta. Yaya ne ma ya fara gaya mini haka, shekarar da ya goya ni da jakata duka a wani hawa, yana cewa wai jakar ce ta gaji, ba ni ba.

Na so in ce wani abu. Me zan ce? In na ba shi haƙuri, na nuna na gane, abin da ya yini yana ɓoyewa ke nan. In na yi shiru, maganar tana nan yadda na ajiye ta. Abin da na iya kawai, da muka kai wani benci a gefen ruwa na ce bororo ya dame ni, mu zauna. Ba ƙarya na yi ba, amma ya kalle ni ta wutsiyar ido, na san ya gane. Muka zauna minti goma sha biyar babu mai magana, ruwa na ɗan bugun duwatsu.

Biyu saura muka hau katangar dam. Awa shida da 'yan kai.

Kaska ɗaya a bayan gwiwar Auta, an cire. Wayata ta mutu tun sha ɗaya, hoto huɗu kacal. Safa ta auduga, kada in sake.

A mota Yaya ya yi barci tun kafin mu fita titi, baki buɗe. Auta zai ɗauke shi hoto na buge masa hannu.

Ɗazu wajen tara saƙonsa ya shigo, da hoton taswirar zagayen arewa, mai kilomita 18: "Malam Lissafi, wannan awa nawa?" Na buga, na ƙara awa biyu da rabi a kai, na rubuta, na goge. Na sake rubutawa. Har yanzu ban tura ba, ruwan robar ma ya huce.