Saniyar da ta tsayar da ni a Goldenrod

Ƙannena masu buga Pokémon, ku ba ni aron kunnuwanku. Ina ganin yadda wasunku ke ajiye wasan da zarar sun isa zauren fafatawa na uku a yankin Johto, wurin shugabar zauren, Whitney, da saniyarta Miltank. Ni ma a nan na maƙale a bugun wasan mai suna HeartGold, kuma laifin nawa ne tun kafin in shiga birnin Goldenrod.

Na fara wasan da Cyndaquil, ɗan wuta. Ƙaunarsa ta rufe mini ido, na bar shi yana cinye kowane faɗa shi kaɗai har ya zama Quilava, sauran dodannina biyar kuwa, wato Pokémon ɗina, suna zaune a ƙwallayensu ba horo. Hakan ya ci a zaure na biyu, domin shugaban zauren, Bugsy, ƙwari yake riƙewa, wuta kuwa maganinsu ce. Sai na ɗauka haka za a ci gaba.

Dodanni biyu kacal Whitney take da su. Clefairy ba ta da wuya. Miltank kuwa, a mataki na 19, tana da dabaru huɗu da suka dace da juna kamar an auna. Rollout na farawa da ƙarfin 30, sai ya riƙa ninkuwa: 60, 120, 240, har 480 a karo na biyar. Nau'in dutse ne, dutse kuma yana yi wa wuta ɓarna ninki biyu, wato Quilava ɗina ya shiga da rauninsa a fili. Attract kuma yana kama jinsin da ba nata ba. Miltank kullum mace ce, dodannin da ake fara wasan da su kuwa mafi yawansu maza ne, don haka rabin lokaci nawa yakan tsaya ya ƙi kai hari. Stomp yakan firgita dodo ya rasa damarsa. In ka wahala ka rage mata jini, ta sha Milk Drink ta maido da rabi.

Duk wannan yana faruwa a gabana, amma ban tsaya na lura ba. In an doke ni, sai in koma da zafin rai da tawagar nan dai, da harin nan dai. Wannan ne kuskuren da ya fi yi mini ciwo in na tuna, domin kowace faɗuwa tana nuna mini abin da ya kamata in gyara, ni kuwa ina danna maɓalli da sauri don rubutun ya wuce. Ƙanena, in an doke ka, ajiye na'urar, ka ɗauki biro ka rubuta harin da ya kashe ka, da nau'insa, da karon da ya zo.

Sai na yi wani kuskuren. Wani aboki da ya buga tsohon Gold, wanda ya fito a Japan a 1999, ya ce in je hasumiyar Sprout da dare in kamo Gastly, dodon fatalwa, tunda harin nau'in gama-gari irin su Stomp ba ya taɓa fatalwa. Gaskiya ya faɗa, amma ta wasansa. A HeartGold, da ya fito shekara goma bayan nan, an ba Miltank baiwar Scrappy, wadda ke sa Stomp ya sami fatalwa. Na yi mata Hypnosis ta yi barci, nan take ta ci Lum Berry ɗin da take riƙe da shi ta farka. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, don haka kafin ku karɓi shawara, ku tambayi wane bugu na wasan mai ba ku ya buga.

Maganin kuwa yana cikin garin. A hawa na 5 na babban kantin Goldenrod akwai mai neman Drowzee, ya ba ka Machop. Drowzee yana cikin ciyawar hanya ta 34, kudu da birnin kaɗan. Machop ɗin mace ce, Attract ba ya kama ta. Nau'in faɗa ce, Rollout rabin ɓarna yake yi mata, harinta kuma ninki biyu ne a kan Miltank. Low Kick yana ƙara ƙarfi gwargwadon nauyin abokin gaba, saniyar kuwa ta haura kilo 75. Na sha wucewa ta gaban mutumin nan ban yi masa magana ba, saboda ina saurin sayen magani in koma faɗa. Masu tsara wasan ba su ajiye shi a can a banza ba.

Na kuma ɗauko Geodude mace da na kama a kogon Union na manta da ita. Jikinta na dutse da ƙasa yana jure Stomp da Rollout duka. Quilava ma na canza masa aiki. Rollout ba ya samu kullum, kuma da zarar ya kuskure sau ɗaya, lissafin ya koma 30. Sai na sa shi ya buɗe da Smokescreen sau biyu don ya rage mata saiti, sannan na janye shi. Na yi wa Machop horo a hanya ta 34 har ta kusa matakin saniyar, kuma bai ɗauki lokaci ba, domin dodon musaya ya fi saurin girma.

Ranar da na koma, Rollout ya kuskure a karo na biyu. Na fito da Machop, Miltank ta yi Attract bai kama ba, ta sha madara sau ɗaya, Low Kick na gaba ya kwantar da ita. Whitney za ta fashe da kuka ta ƙi ba ku bajon shaidar nasara, kada ku ɗauka wasan ya lalace. Ku juya kamar za ku fita, ɗaya daga cikin 'yan matan zauren za ta tare ku, sai ku koma ku sake yi mata magana.