In ka sallami mai ba da labari, wa zai ɗauki aikinsa?

Aikina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo ne a nan Kumasi, don mutanenmu na Aboabo da Asawase da sauran zanguna. Ƙa'idar da muka ɗora wa kanmu ita ce babu mai ba da labari. Ba wanda zai shigo ya ce "bayan kwana uku" ko "sai Hajiya ta fusata". Muryoyin 'yan wasa kawai, da ƙarar ƙofa, da hayaniyar kasuwar Kejetia.

Yana yiwuwa, muna kuma yi. Sai dai na lura in ka sallami mai ba da labari, aikinsa ba ya bin sa. Dole wani ya ɗauka. A hannun sabon marubuci kan 'yan wasa nauyin yake faɗawa, sai ka ji mace tana ce wa mijinta, "Maigida, ga ka nan ka shigo da buhun goro a ka." Ba matar da ke magana haka a gidanta. Gwani kuwa zai sa ta ce, "Sannu da zuwa. Sauke shi a inuwa, kada rana ta taɓa shi," mai sauraro ya gano sauran da kansa. To amma wa ya yanke shawarar a katse fagen daidai lokacin da za a ambaci bashi? Wa ya hana mu jin ta bakin kishiya sai a mako na gaba? Muryar mai ba da labari ce ta ɓace, amma har yanzu shi ke zaɓar mana abin da za mu ji.

Shi ya sa ba na yarda da ƙannena da ke ganin mai ba da labari tsohon yayi ne. Tatsuniya ba ta tashi sai wani ya ce "ga ta nan, ga ta nanku" an amsa masa. Abubakar Imam, a Magana Jari Ce, aku ya ba wannan aiki, kuma wayon akun ne ke riƙe da labaran wuri ɗaya. A nan Gana ma, waƙoƙin da Alhaji Umaru, wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya yi kan zuwan Nasara, nauyinsu na daga cewa mutumin da ya ga zamanin da idonsa ne ke magana. Cire shi daga ciki, za ka san Turawa sun zo, amma ba za ka san yadda malamin Zango ya ji a ransa ba.