Darussan da na ɗauka daga binciken miyau da sankarar baki

A Sakkwato, binciken ƙwayoyin cutar baki yakan lalace ne tsakanin kujerar majiyyaci da firiza. Bakteriyar Fusobacterium nucleatum da Porphyromonas gingivalis, waɗanda aka fi alaƙantawa da sankarar baki, ba sa jure iska. Ka bar kwalbar miyau a kan tebur cikin zafin Afrilu da ya haura digiri 40, masu jure iska su hayayyafa, waɗanda kake nema su mutu, sakamakon ya nuna maka bakin da babu shi. Ana karɓar mil 2 na miyau, a ɗora a ƙanƙara nan take, a kai firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili cikin awa 2. In ya narke ya sake daskarewa, DNA ɗin kakkaryewa yake yi.

Nan ne maganar wuta ta shigo. Shugaban da ya ce man janareta ya yi tsada, a bar firiza ta kwana a kashe ai ƙofarta a rufe take, shi ne zai fara tambayar wa ya ɓata samfur ranar da sakamako ya dawo ba kan gado. Takardar tuhuma kuwa ƙaramin ma'aikaci take nema, ba ta hawa sama. Saboda haka a rubuta sanyin firiza safe da yamma a littafi mai bango, da kwanan wata da sa hannu, a ɗauki hotonsa a waya. Umarnin baki kuma a roƙa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a sa mini a rubuce." Da wuya a sa, amma da wuya a sake ba da shi.

Tsokar da aka yanko daga gyambon bakin majiyyaci a raba ta biyu kafin ta taɓa fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa. Rabin da ya shiga fomalin na masu duba nama ne, ba abin da zai tsiro daga cikinsa.

Wajen majiyyaci ma akwai aiki. Kada ya ci abinci, ya tauna goro ko ya yi asuwaki awa ɗaya kafin a karɓa, kuma wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin wata 3 a cire shi. Mu nan ba betel muke taunawa ba kamar Indiya da Taiwan, inda ake haɗa ƙwayar areka da farar ƙasa, haɗin da hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sanya cikin masu haddasa sankara a rahotonta na 2004. Namu garin taba ne da kanwa, a cusa tsakanin leɓe da dasashi. Kanwar na sa nikotin ya ratsa fata da sauri, bakteriya kuma na juya naitiret ɗin taba zuwa naitirait, wanda daga shi ake samun gubar NNN da NNK masu haddasa sankara. Goro daban, areka daban, kada a haɗa su a layi ɗaya a fom. Dattijuwa ba za ta amsa tana saka taba a gaban surukinta ba. A keɓe ta, mace ta tambaye ta, "Inna, a wane gefe kike ajiye ta?"

A goga tsinken auduga a kan gyambon, wani kuma a gefen da ke lafiya na bakin mutum ɗaya, a haɗa da kwalba ɗaya wadda ba komai cikinta don gane gurɓatar kayan aiki.

Samun Fusobacterium da yawa a ƙari bai nuna shi ya kawo ciwon ba, ruɓaɓɓen nama marar iska wurin zamansa ne. Duk wanda ya matsa a rubuta "yana haddasawa" don takarda ta yi armashi, a bar shi ya sa sunansa shi kaɗai. Gyambon baki da ya wuce mako 3 bai warke ba kuwa, a tura a yanki tsoka, kada a jira sakamakon miyau.