Tsarin rubutu daban, manhajar rubutu daban

A ofisoshinmu na nan Sakkwato, duk lokacin da aka yi ƙorafin cewa takardun jagorar aiki ba sa karantuwa, shawarar farko da ake kawowa ita ce a sayo sabuwar manhaja. Ni kuwa ina ganin matsalar ta riga manhaja zuwa, domin takardar da aka cakuɗa umarni da dalili da gargaɗi a sakin layi ɗaya ba za ta warware ba ko da an zuba ta a manhaja mafi tsada.

Hanyar da ake kira Information Mapping, wadda Robert Horn ya fara tsarawa a Amurka cikin shekarun 1960, ta ginu ne a kan wannan fahimta. Horn ya ce a daina ɗaukar sakin layi a matsayin ma'aunin rubutu, a koma ga guntun bayani mai magana a kan abu guda, mai ɗauke da take da ke faɗin abin da ke ciki, sannan a tara guntaye masu dangantaka a ƙarƙashin babban kai. Ya kuma rarrabe bayani iri-iri: matakan yin aiki, yadda abu ke gudana, ma'anar abu, ƙa'ida, da sauransu. Shawararsa ta kada guntaye su yi yawa a wuri guda ta jingina ne ga binciken George Miller na 1956 kan iyakar abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa lokaci ɗaya. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da littattafan fiƙihu an raba su babi-babi da fasali-fasali, kuma ɗalibi ya san inda matani ya tsaya da inda sharhi ya ɗauka.

A ɗauki takardar adana alluran rigakafi a ƙaramin asibiti. Sau da yawa za ka tarar an rubuta a tsaye cewa rigakafi na lalacewa idan ya yi zafi, don haka a riƙa duba firji safe da yamma, kuma sanyin ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan wuta ta ɗauke a kwashe zuwa akwatin sanyi. Jami'ar lafiyar da wuta ta ɗauke mata da tsakar rana a watan Afrilu ba ta da lokacin tsintar umarninta daga cikin wannan tarin magana. Idan aka bi tsari, dalilin adanawa zai zauna a gefe guda, matakan da za a bi idan wuta ta ɗauke su zo a jere da lambobi a ƙarƙashin nasu taken, ma'aunin sanyi kuma ya shiga ɗan jadawali da ido zai faɗa a kai nan take. Duk wannan ana iya yin sa da biro da takarda.

Daga nan ne kayan aiki ke shigowa, kuma kowanne da gurbinsa. Microsoft Word, wanda shi ne a hannun mafi yawanmu, ya isa ya ɗauki wannan tsari muddin marubuci ya yi amfani da salon kanun da ke cikinsa maimakon ƙara girman haruffa da hannu, sai dai ba ya hana kowa komawa ga cakuɗe. Markdown, hanyar tsara rubutu da alamomi masu sauƙi da John Gruber ya fitar a 2004, yana da sauƙi ƙwarai, amma siffar rubutu irin su kai da jeri kawai ya sani, bai san bambancin umarni da gargaɗi ba.

DITA, wata ƙa'idar tsara takardun fasaha a kwamfuta, ita ce ta fi kusa da tunanin Horn. Kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro ta, ƙungiyar OASIS mai tsara ma'aunan fasahar bayanai kuma ta amince da ita a matsayin ma'auni a 2005. An gina ta a kan XML, wato hanyar sa wa rubutu alamomin da kwamfuta ke ganewa, kuma ta raba rubutu zuwa maudu'ai uku na asali: ma'ana, aiki, da bayanin dubawa. Bambancinta da hanyar Horn shi ne, abin da Horn ya bar wa horon marubuci, DITA ta ɗora wa kwamfuta ta tilasta, har manhajar za ta nuna kuskure idan aka sa matakin aiki inda ba muhallinsa ba. Babbar ribarta ita ce sake amfani: a rubuta ma'aunin sanyin nan sau ɗaya, ya fito a littafin horo da takardar bango da shafin intanet, kuma ranar da aka gyara shi a wuri ɗaya ya gyaru ko'ina. Ga masu fassara daga Turanci zuwa Hausa, ko masu juya boko zuwa ajami, wannan sauƙi ne na gaske, domin guntun da ya canja kaɗai za a sake taɓawa. Amma tana buƙatar kuɗi da horo, kuma ban ga dalilin da ofishi mai takardu kaɗan zai ɗora wa kansa ita ba.

Akwai kuma hanyoyin da ke aiki a kan jimla, kamar sauƙaƙan Turancin fasaha da masana'antar jiragen sama ta Turai ta fitar a shekarun 1980, wanda ya ƙayyade jimlar umarni kada ta wuce kalma 20. Wannan ba kishiyar tsari ba ne, abokin tafiyarsa ne: ɗaya na gyara wurin zaman bayani, ɗaya na gyara lafazinsa. A Hausa ba mu da irin wannan ƙa'ida a rubuce don takardun aiki, kuma ina ganin sassan nazarin Hausa, irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su ne suka fi cancanta su zauna da ma'aikatan lafiya da malaman gona su tsara mana ita.