Hijabin da Inna ta saya mini

Ranar da aka kira ni ganawar ɗaukar aiki a wata makarantar gwamnati da ke birnin Montreal na ƙasar Kanada, na sa hijabin da Inna ta saya mini a kasuwar Maigatari kafin in taso, saboda ina ganin da albarkarta a jikinsa. Matar da ta karɓe ni ta duba takarduna, ta yaba da Faransancin da na sha wahalar koyo, sannan ta sunkuyar da kai ta ce doka ba ta ba ta damar ɗaukata ba matuƙar da shi zan shiga aji. Na fito cikin dusar ƙanƙara ina jin kunya kamar wadda aka kama da sata.

Dokar ita ce Doka ta 21 da lardin Kebek, inda Montreal take, ya kafa a shekarar 2019, wadda ta hana sababbin malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda sanya alamar addini a bakin aiki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a wannan lardin ne wani yaro mabiyin addinin Sikh ya kai ƙara, har Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci a 2006 cewa zai iya zuwa makaranta da 'yar wuƙarsa ta ibada, muddin tana ɗinke cikin kube. An sama wa wuƙa mafita, amma an rasa yadda za a yi da yadi biyu na ƙyalle. Masu goyon bayan dokar suna cewa gwamnati ba ta da addini, kuma ban musa ba, sai dai lissafi na je koyarwa. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta tabbatar da dokar.

Ban cire ba, kuma ina alfahari da hakan, ko da yake akwai daren da nake kwana ina kuka.

Har yau ban gaya wa Inna ba. Ita ce ta sayar da awakinta ta biya mini kuɗin karatu a Gumel, kuma duk gidan suna ko biki da ta shiga a ƙauyenmu sai ta faɗa cewa 'yarta malama ce a Kanada. Ranar Juma'a da ƙanena ya miƙa mata waya, ta ce, "Ke 'yar nan, hijabin nan bai koɗe ba kuwa?" Na ce yana nan lafiya lau. Ta ce duk da haka ta sa an ɗinka mini wani, tana jiran mai zuwa.