Ƙafar da ba ta ciwo

Laraba. Tun asuba muka bar Agege zuwa asibiti, gosulo ya riƙe mu har rana ta take. Baba sai mita yake, wai na raba shi da kasuwar Mile 12 ranar da motar albasa ke sauka, a kan ƙafar da ko ciwo ba ta yi.

Sati uku ke nan ƙafar hagun ta kumbura, zafi rau kamar an gasa ta. Kawu ya ce targaɗe ne, aka kira mai ɗori ya murza ta da man zafi. Ni ma ban hana ba, abin da ke ci mini rai ke nan.

Likita ta auna zafin ƙafafun biyu. Ta ce idan bambancin ya wuce digiri 2 a mai ciwon suga, ƙafar Charcot suke fara zargi, sunan wani likitan Faransa ne. Baba ya yi dariya: "Likita, ai da ita nake zuwa masallaci sau biyar."

"Alhaji, matsalar ke nan," in ji ta.

Suga ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Ƙashi ya ɗan tsage, bai ji ba, ya ci gaba da takawa. Kumburin da ya taso sai ya zuga ƙwayoyin da aikinsu cinye tsohon ƙashi, suka fi masu ginawa sauri. Ƙashi na laushi, gaɓoɓi na gocewa, in an bari tafin ƙafar ya rufta ya koma kamar gindin ƙwarya, daga nan sai gyambo. Hoton ƙashi ma kan fito lafiya lau da farko, don haka ta rubuta MRI, wani hoton da ke nuna abin da na ƙashi bai nuna ba. Kuɗin kuwa, sai Yaya ya ji.

Filasta har ƙasan gwiwa, watanni, ba takawa. Mutumin da ɗakinsa ke hawa na biyu!

A hanyar dawowa shiru ya yi, har muka wuce Oshodi. Can ya ce, "Uwata, yanzu a zaune zan riƙa salla?" Na ce e, Baba. Ya juya yana kallon taga.

Inna ta yi miyar kuka, bai ci da yawa ba. An ɗauke wuta tun magariba. Gobe zan nemo sandunan dogarawa, sannan a sauko da katifarsa ɗakin Kawu na ƙasa, in Kawun ya yarda.